Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba: Tarihin Duba Rajista Ana Cikin Aiki

A ƙarshen watan Nuwamban 1991, wata uku bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Jihar Kano, an umarci kowa a Najeriya ya zauna inda yake. Aka rufe iyakokin ƙasa, aka hana zirga-zirga, kasuwanni suka wuni babu kowa. Daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura da ke bakin iyakar Nijar, ma'aikatan hukumar ƙidaya, wadda Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe, yake shugabanta, suka bi gida-gida suna rubuta mutane. Da aka kammala lissafi, aka ce 'yan Najeriya sun kai miliyan 88.5.

Dalilin tsayar da ƙasa cak a bayyane yake. Mutumin da aka ƙirga da safe a Kazaure, idan ya hau mota ya isa Kano da yamma, ana iya sake ƙirga shi. Wanda kuma ya baro Kano kafin a zo layinsu, ya iso Kazaure bayan masu ƙidaya sun wuce ƙofar gidansa, babu littafin da zai shiga. Abin da ke motsi ba ya ƙirguwa cikin sauƙi, shi ya sa dabara mafi tsufa ita ce a hana shi motsi.

Wannan matsala ce ta addabi masu ƙera manhajar kwamfuta fiye da shekara arba'in. Kowace na'ura tana da rajista a cikinta, rajistar kan lalace, kuma hanyar da aka daɗe da sani ta duba ta ita ce a dakatar da aiki gaba ɗaya. Tarihin yadda aka fita daga wannan ƙangi, har aka kai ga gyara rajista alhali na'ura na ci gaba da yi wa jama'a hidima, ya shafi duk wanda ke riƙe da littafin albashi, ko na filaye, ko na marasa lafiya. Abin da tarihin ya nuna shi ne, gyara ana cikin aiki ba ya samuwa sai idan tun ranar da aka buɗe rajistar aka tanadar mata shaida ta biyu.

Unguwar da ke cikin faifai

Duk abin da ke cikin kwamfuta, hoto ne ko takardar albashi, yana zaune a kan faifan ajiya da aka yayyanka zuwa ƙananan gurabe masu girma ɗaya, galibi kowanne na ɗaukar bait 4,096. Mai karatu ya ƙaddara sabuwar unguwa ce da aka yanka fuloti-fuloti. Fayil ɗaya kan mallaki gurbi ɗaya ko dubu, kuma ba lalle su zo a jere ba. Saboda haka dole a sami ofishin da ke riƙe da littattafai. Akwai katin kowane fayil, mai ɗauke da girmansa, da mai shi, da jerin gurabensa. Akwai folda, wadda a haƙiƙa jeri ce na sunaye, kowane suna da lambar katinsa. Akwai kuma littafin guraben da babu kowa a kansu. Waɗannan littattafai su masu fannin ke kira metadata, wato bayanan da ke faɗin inda sauran bayanai suke. A nan za mu kira su rajista.

Idan ma'aikaci ya ƙara shafi ɗaya a wata takarda, na'ura za ta yi rubutu a wurare da dama: ta cire gurbi daga littafin wofi, ta sa shi a katin fayil, ta gyara girman fayil ɗin. Ba a lokaci guda ake yin waɗannan ba, ɗaya bayan ɗaya ne. To, idan wuta ta ɗauke a tsakani fa? In an yi sa'a, gurbin zai zama ba ya cikin littafin wofi kuma babu katin da ya ambace shi, wato an yi asarar wuri kawai. In ba a yi sa'a ba, zai kasance a katin fayil kuma har yanzu yana cikin littafin wofi. Gobe na'ura za ta bai wa wani fayil shi, sabon rubutu ya hau kan tsoho. Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci ana shari'ar fuloti ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, ya san wannan cuta da idonsa.

Zamanin rufe ƙofa

A shekarun 1970, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suke raya manhajar Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, mai kula da na'ura ne da kansa yake gyara ɓarna bayan ta faɗi. Yana da ƙananan kayan aiki irin su icheck da dcheck, waɗanda ke nuna masa inda littattafai suka saɓa, shi kuma ya yanke hukunci da hannu. Wajen 1980 aka fitar da manhajar fsck, wadda Ted Kowalski ya rubuta, daga baya Marshall Kirk McKusick na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya daidaita ta da sabon tsarin ajiyar da suka ƙera a can.

Aikin fsck zagaye biyar ne. Za ta fara bin kowane kati ta rubuta gurabensa, ta lura da wanda aka ambata sau biyu. Sannan ta bi sunayen da ke cikin foldoji. Sannan ta tabbatar kowace folda tana da hanyar da ke kai ta ga tushe. Sannan ta gwada adadin sunayen da ke nuna kowane kati da adadin da katin ya ce yana da shi. A ƙarshe ta sake gina littafin wofi daga abin da ta gano. Idan ta tarar da fayil mai rai wanda babu foldar da ta ambace shi, ba ta shafe shi. Takan kai shi wata folda ta musamman mai suna lost+found, ta sa masa lambar katinsa a madadin suna, kamar yadda ake kai tsintuwa gidan mai unguwa a jira cigiya.

Sharaɗin wannan aiki ɗaya ne: kada kowa ya taɓa faifan har a gama. Abin da aka gani a zagaye na farko shi ake dogara da shi a na biyar, don haka idan wani ya yi rubutu a tsakani, fsck za ta ɗauki lafiyayyen abu a matsayin ɓarna, ta lalata shi da sunan gyara.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan sharaɗi tun kafin a ƙera kwamfuta. A zamanin En'e, lokacin da masarautar Kazaure ke cikin Lardin Kano, littafin haraji yana tasowa ne daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga nan zuwa baitulmali, Di'o kuma ya fito rangadi ya ɗauki jerin wani ƙauye ya gwada da mutanen da ya tarar. Jangali kuwa da damina ake ƙirga shi, lokacin da garken da suka yi kudu neman ciyawa da rani suka dawo, suka yi mashekari. Babu wanda ya isa ya umarci shanu su tsaya, sai aka jira lokacin da yanayi da kansa ya rage musu tafiya. Duk da haka makiyayin da ke kusa da iyaka, kamar a ƙasar Babura, yana iya kora garkensa ya tsallaka kafin malamin jangali ya iso. Haka aka yi ta fama har Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979.

Da unguwa ta zama birni

Rufe ƙofa ba ya da tsada muddin rajista ƙarama ce. Faifan RK05 da ake amfani da shi a na'urorin PDP-11, inda Unix ta girma, megabait biyu da rabi yake ɗauka, wato bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba. Yau ana sayar da faifai guda mai terabait 20. Idan yana karanta megabait 250 a daƙiƙa, karanta shi daga farko zuwa ƙarshe zai ci kusan awa 22. Gaskiya ne rajista kaɗai ake dubawa, ba dukan faifai ba, amma rajistar a warwatse take, kuma manyan ma'ajiyoyi na haɗa ɗaruruwan faifai masu ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin fayil. Duban da a da yake cin mintuna sai ya koma cin awanni, wani lokaci kwanaki.

Maganin farko da aka samo shi ne littafin niyya. Kafin na'ura ta taɓa rajista, sai ta fara rubuta duk abin da take shirin yi a wani keɓaɓɓen wuri, ta sa alamar kammalawa, sannan ta je ta aiwatar. Idan wuta ta ɗauke, da an kunna sai a duba littafin: niyyar da aka gama rubutawa a ƙarasa ta, wadda ba a gama ba a watsar. Robert Hagmann ya bayyana wannan dabara a cibiyar Xerox PARC a 1987, kamfanin IBM ya fitar da ita kasuwa a tsarinsa na JFS a 1990, kamfanin Silicon Graphics ya gina XFS a kanta a 1994, Linux kuma ta sami ext3 a 2001. Tashi bayan ɗaukewar wuta ya dawo aikin daƙiƙoƙi.

Sai dai littafin niyya cuta ɗaya yake magani, wato katsewar aiki. Ba ya hana faifai ya tsufa ya juya wani harafi a ɓoye. Ba ya hana faifai ya ce ya rubuta alhali bai rubuta ba, ko ya rubuta a gurbin da ba shi aka nufa ba. Ba ya hana kuskuren da ke cikin manhajar kanta. A 2008 masu bincike daga Jami'ar Wisconsin da kamfanin NetApp sun wallafa sakamakon bin diddigin faifai miliyan 1.53 na tsawon wata 41, inda suka sami gurabe fiye da 400,000 da abin da ke cikinsu ya saɓa da abin da aka rubuta. Ke nan buƙatar duba rajista tana nan, abin da ya ƙare shi ne lokacin da za a iya rufe ƙofa a yi shi.

A nan ma akwai kamanni da ƙidayarmu. An sake tsayar da ƙasa a watan Maris na 2006, aka tsara kwana biyar, aka ƙara biyu, aka sami mutum miliyan 140, Jigawa na da fiye da miliyan huɗu. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Siyasa da kuɗi suna da babban kaso a wannan jinkiri, amma sakamakon iri ɗaya ne da na mai kula da na'urar da ke tsoron dogon duba: aikin da ke buƙatar a tsayar da komai, ana yi ta ɗaga shi, a ci gaba da rayuwa a kan ƙiyasi.

Shaida ta biyu

Mataki na gaba ya zo ta hanyoyi daban-daban. FreeBSD ta fitar da tsarin da McKusick ya ƙera, wanda ke jera rubuce-rubuce ta yadda ɓarnar da ɗaukewar wuta za ta bari ba za ta wuce asarar gurabe ba. Daga 2003, sai na'ura ta koma aiki nan take, a riƙa tattaro ɓatattun guraben a bayan fage. A 2005 kamfanin Sun ya fitar da ZFS, ƙarƙashin jagorancin Jeff Bonwick, inda kowane gurbi ke da hatimin lissafi, wato wata lamba da ake cirowa daga abin da ke cikinsa. Manhaja na zagayawa ana cikin aiki tana gwada kowane gurbi da hatiminsa, wanda ya saɓa a maye shi da kwafinsa da ke wani faifan. Microsoft kuma, a Windows 8 ta 2012, ta raba aikin chkdsk gida biyu: a yi binciken ana cikin aiki, a rubuta wuraren da ke da matsala, sannan a rufe na 'yan daƙiƙoƙi a gyara su kaɗai.

Kowanne cikin waɗannan yana da iyaka. Hatimi yana tabbatar da cewa abin da aka rubuta shi ake karantawa, amma ba ya tabbatar da cewa abin da aka rubuta daidai ne. Akawun da ya rubuta ƙarya ya buga mata hatimi, ya kuma yi mata kwafi uku, ya samar da takardu huɗu da suka yi ittifaƙi a kan ƙarya. Abin da ke kama irin wannan shi ne wani littafi daban da aka rubuta daga wata fuska daban.

Takardar cinikin gona a ƙasar Hausa tana da wannan hikima. Ba ta tsayawa ga cewa wane ya sayar wa wane. Takan faɗi wanda gonar ta yi iyaka da shi ta gabas, da yamma, da kudu, da arewa, ta kawo shaidu, mai unguwa da dagaci su sa hannu. A gonar kanta kuma ga gamba an dasa a kan iyaka. Idan takardar mutum ta ƙone, ana iya sake gano gonarsa daga takardun maƙwabtansa huɗu, domin kowannensu ya ambace shi. Ba kwafin takardarsa suke riƙe da shi ba, nasu bayanin ne, amma ya ƙunshi nasa.

Wannan hanya masu kula da XFS suka bi, bayan an kawo tsarin cikin Linux a 2001, kuma kamfanin Red Hat ya mai da shi zaɓinsa na farko a 2014. Da farko, a wani aiki da Dave Chinner ya jagoranta, aka sauya fasalin rajistar ta yadda kowane gurbinta zai faɗi ko shi wane ne, a ina ya kamata a same shi, wa ya mallake shi, da hatiminsa. A 2016, a Linux 4.8, aka ƙara rajistar waiwaye, wadda Darrick Wong na kamfanin Oracle ya ƙarasa. Tsohuwar rajista tana farawa daga fayil ta lissafa gurabensa. Sabuwar tana farawa daga gurbi ta faɗi mai shi. Idan katin wani fayil ya lalace, ba sai an karanta dukan faifai ba, rajistar waiwaye za ta ba da jerin gurabensa. A farkon 2018, a Linux 4.15, aka fara duba rajistar XFS ana cikin aiki. Gyaran kuwa sai da ya ƙara cin shekara shida. Ɗaya daga cikin abubuwan ƙarshe da suka shiga, a Linux 6.10 ta watan Yulin 2024, shi ne kowane fayil ya riƙa ɗauke da sunan foldar da yake ciki, aikin da Allison Henderson ta daɗe a kansa. Da wannan, foldar da ta lalace ana iya sake gina ta daga bakin 'ya'yanta.

Ƙirga garke yana tafiya

Shaida ta biyu ta warware tambayar inda za a samo gaskiya. Saura tambayar da ta sa aka hana zirga-zirga a 1991: yaya za a yi da canjin da ke aukuwa ana tsakiyar ƙirga? Takardar tsarin da Wong ya rubuta, wadda yanzu take cikin kundin bayanan Linux, ta amsa da dabaru huɗu.

Ta farko, a rufe ɗaki ɗaya maimakon gida duka. Tun asali XFS a rabe take gunduma-gunduma, kowace da nata littattafan, don haka ana iya riƙe gunduma ɗaya ko fayil ɗaya na ɗan lokaci, sauran na ci gaba da aiki. Ta biyu, kafin a yanke hukunci a kan wata gunduma, a jira ayyukan da aka faro a cikinta su ƙarasa, domin aikin da ke tsaka-tsaki yana kama da ɓarna ga wanda ya leƙo a lokacin. Ta uku ta shafi lissafin da ke buƙatar a bi kowane fayil, kamar adadin wurin da kowane mai amfani ya cinye. Mai duba yana tafiya da alamar inda ya kai. Duk canjin da ya auku a gabansa ba ruwansa da shi, zai tarar da shi idan ya iso. Wanda ya auku a bayansa kuwa, an ɗaura wa manhaja wajibcin aiko masa da labari nan take, ya gyara lissafin da ke hannunsa. Da ƙidaya ce, da sai a ce duk haihuwa ko rasuwa ko ƙaura a unguwar da aka riga aka ƙirga, mai unguwa ya aika wa ma'aikacin ƙidaya kafin ya rufe littafi.

Ta huɗu ita ce ta fi muhimmanci ga amana. Ba a yin kwaskwarima a kan lalataccen littafi. Ana gina sabo cikakke a wani fili na daban, tsohon na nan yadda yake. Idan an gama, sai a juya alamar da ke nuna littafin aiki daga tsoho zuwa sabo a mataki guda, ta cikin littafin niyya, sannan a kwashe tsohon. Wuta ta ɗauke kafin juyawa, an koma inda aka fito. Ta ɗauke bayan juyawa, gyara ya tabbata. Babu lokacin da na'ura ke zaune da rabin littafi.

Masu tsarin ba su yi da'awar sun kawar da tsohuwar hanya ba. Idan ɓarna ta kai faifan ba ya buɗuwa, dole a koma ga gyaran rufe ƙofa. Faifan da aka shimfiɗa ba tare da rajistar waiwaye ba, gyaransa ana cikin aiki ragagge ne. Kuma duk wannan rajista yake karewa, ba ya dawo da takardar da ma'aikaci ya shafe, don haka bai maye gurbin ajiye kwafi a wani wuri ba. Aikin kuma ya ci mutane. A watan Agustan 2023 Wong ya sauka daga shugabancin kula da XFS, yana mai cewa ya gaji da ɗaukar ayyukan mutane da yawa shi kaɗai, ko da yake ya ci gaba da aikin gyaran har ya shiga.

Abin da ya shafe mu

Akwai lokacin da rufe banki ranar Asabar da Lahadi bai dami kowa ba. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna wannan lokaci ya wuce: mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye ma da tiransifa ko POS yake karɓar kuɗi. Da wasu manyan bankuna suka sauya manhajarsu a watan Oktoban 2024, jama'a sun ɗanɗana abin da tsayawar rajista ke nufi. A watan ne kuma yawancin jihohin Arewa, har da yankin KEDCO da ya haɗa Kano, Katsina da Jigawa, suka shafe fiye da mako guda babu wutar ƙasa. Wato muna zaune a inda rubutu ya fi saurin katsewa, a zamanin da rufe ƙofa ya fi tsada.

Rajistocin gwamnati ma sun bi wannan tafarki na tarihi. Tantancewar da aka saba yi wa malaman makaranta da 'yan fansho, inda ake dakatar da biya har sai tsoho ya yi tattaki zuwa hedikwata ya tsaya a layi, ita ce fsck ta 1980: a tsayar da komai, a ƙirga, a sake buɗewa. Lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014 ta kawo shaida ta biyu, domin ta fara daga jikin mutum ta lissafa asusunsa. Da aka gwada ta da littafin albashin tarayya, Ma'aikatar Kuɗi a ƙarƙashin Kemi Adeosun ta sanar a watan Fabrairun 2016 cewa ta cire sunaye 23,846, ba tare da an tsayar da albashin sauran ma'aikata ba. Hukumar zaɓe ta INEC kuwa tana tsakanin hanyoyin biyu: ta rufe rajista ranar 31 ga Yulin 2022, ta gwada hotunan yatsu da fuskoki, ta soke kimanin miliyan 2.78 daga cikin miliyan 12.29 da suka yi sabuwar rajista, sannan ta kafe sunaye a mazaɓu domin jama'a su kawo ƙorafi.

Wanda duk aka ɗora wa mayar da littattafan ma'aikatarsa cikin kwamfuta, tarihin XFS ya ba shi tambayoyin da zai yi wa ɗan kwangila kafin ya sa hannu. Ina littafi na biyu da ke farawa daga fuloti ya faɗi mai shi, ko daga aji ya faɗi malaminsa, kuma wane ofishi ne daban yake riƙe da shi? Idan an ɗauki sabon ma'aikaci ko wani ya rasu ana tsakiyar tantancewa, ta wace hanya labarin ke isa ga mai tantancewa? Ana ajiye tsohon jeri har sai sabo ya tabbata, ko a kansa ake gyara? Sunan da ba a gane shi ba, shafe shi ake yi, ko akwai inda ake ajiye shi har mai shi ya zo da hujja? Wannan ta ƙarshe ita ke bambanta ma'aikacin bogi da malamar ƙauye wadda aka yi kuskuren harafi a sunanta, kuma Kowalski ya amsa ta tun 1980.

Masu amsa waɗannan tambayoyi a Jigawa galibi daga wannan kusurwa ta arewa maso yamma za su fito. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da cibiyar koyon fasahar sadarwa da aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. A Babura akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a 2021. Manhajar da muka ba da tarihinta a buɗe take, kyauta, har da takardar tsarinta, ɗalibin da ke da tsohuwar kwamfuta na iya lalata rajistar faifai da gangan ya kalli yadda ake gyara ta. Abin da zai koya a nan ya wuce na'ura. Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma mai kaya ba ya iya gyarawa yana tafe sai idan tun a gida ya yi ɗaurin da zai ba shi dama. Rajistocin da jihar ke buɗewa yau, a kan filaye da albashi da asibitoci, yanzu ne ake yin ɗaurinsu.